Da gaske ne mai ƙiba ya fi tsira idan ƙoda ta tsaya farat ɗaya?

Zainab, ɗalibar jinya

Assalamu alaikum. Likitoci da manyanmu ma'aikatan jinya, ina neman ƙarin haske. A aji an koya mana cewa ƙiba tana jawo hawan jini da ciwon suga, su kuma su ne kan gaba wajen lalata ƙoda. To amma kuma ana cewa idan ƙoda ta samu rauni farat ɗaya, wato irin wanda ke zuwa cikin awanni ko 'yan kwanaki, masu jiki sun fi ramammu fita asibiti da rai. Abin ya ɗaure min kai. Gaskiya ne, ko kuskuren lissafi ne? In gaskiya ne, me ke kare su?

Tambaya ta biyu ta aiki ce. Ƙa'ida ta ce kada fitsari ya gaza mililita 0.5 a kowane kilo a awa. Idan namiji yana da kilo 140, tsawonsa santimita 170, ke nan sai ya yi mililita 70 kowace awa kafin hankali ya kwanta? Da wane nauyi ake lissafin?

Dakta Auwal

Wa alaikumus salam, Malama Zainab. Abubuwa biyu ne suka cakuɗe, sai an raba su. Na farko: wa ya fi kamuwa? Na biyu: cikin waɗanda suka riga suka kamu, wa ya fi mutuwa?

A kan kamuwa babu gardama, mai ƙiba ne a gaba. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan mutum kusan 15,000 da aka kwantar a sashen kulawa ta musamman a Boston ta Amurka ya nuna cewa duk lokacin da BMI, wato ma'aunin nauyin jiki gwargwadon tsawo, ya ƙaru da 5, haɗarin raunin ƙoda mai tsanani yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100. Dalilan a fili suke. Ƙodar mai ƙiba tun yana da lafiya tana tace jini fiye da ƙima don ta ɗauki nauyin jikin, saboda haka ranar da jini ya faɗi ko ƙwayoyin cuta suka shiga jini, ba ta da sauran ƙarfin da za ta ƙara. Ga suga da hawan jini da magungunansu. Ga matsin cikin ciki da ke danne jijiyar da ke fitar da jini daga ƙoda. Kuma idan tiyata ta yi tsawo, nauyin jiki yakan murƙushe tsokar baya da ta mazaunai, abin da tsokar ta saki cikin jini ya je ya toshe ƙananan bututun ƙoda.

A kan mutuwa ne abin ya juya. A 2010 an wallafa wani bincike daga ƙasar Ostiriya kan mutum fiye da 5,000 da raunin ƙodarsu ya kai ga wankin ƙoda. Mutuwa ta fi yawa a ramammu, ta yi ta raguwa yayin da nauyi ke ƙaruwa, ta fi ƙaranci a masu BMI tsakanin 30 da 35, daga nan ta sake ɗagawa. Tun a 1999 ma an ga makamancin haka a masu wankin ƙoda na dindindin. Saboda haka abin da kika ji yana da tushe.

Sai dai ni ban yarda a fassara shi da cewa kitse garkuwa ne ba. Duba su wane ne ke da BMI ƙasa da 18.5 a gadon asibiti: mai ciwon daji da ya ci jiki, mai tarin fuka, mai ciwon hanta ko na zuciya da ya daɗe, tsoho da ya yi watanni ba ya cin abinci. Cutar da ta ramar da su ita ce take kashe su, ƙodar kuwa ta zo ta tarar ne. Sannan shi mai ƙiba ƙaramar matsala ma tana iya taɓa masa ƙoda, ramammen da ba shi da suga ba shi da hawan jini kuwa sai babbar masifa ta auka masa kafin tasa ta tsaya. Idan aka tara su wuri ɗaya aka ƙirga gawa, dole a ga kamar ƙiba ta taimaka, alhali tun farko nauyin ciwonsu ba ɗaya ba ne. Masu ƙiba kuma sau da yawa sun fi ƙarancin shekaru lokacin da ake kwantar da su.

Akwai wani abu da ya fi damuna, domin shi a hannunmu yake. Kiriyatinin, sinadarin da muke aunawa a jini mu ce ƙoda ta taɓu, daga tsoka yake fitowa. Wanda ba shi da tsoka, nasa ƙasa yake tun asali. Ɗauki mace mai kilo 40, tsawo santimita 160, BMI ɗinta 15.6. Kiriyatinin ɗinta na yau da kullum yana iya zama 0.4 mg/dL. Ya tashi ya koma 0.9, takardar gwaji ba za ta nuna alamar komai ba, domin 0.9 yana cikin iyakar da aka saba. Amma ya ninka fiye da sau biyu, kuma a ma'aunin 2012 na KDIGO, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, wannan mataki na 2 ne cikin 3. Ma'aunin cewa ya yi: ƙarin 0.3 cikin awa 48, ko ninki ɗaya da rabi cikin kwana 7, ya isa a kira shi raunin ƙoda. Ninki 2 zuwa 2.9 mataki na 2. Ninki 3, ko kaiwa 4.0, ko fara wanki, mataki na 3. Irin wannan matar za a ci gaba da ba ta maganin da ke cutar da ƙoda har kwana biyu ko uku kafin wani ya farga. Ramammen da aka rubuta a rajista cewa yana da raunin ƙoda, galibi nasa ya riga ya yi nisa.

Abin da zan iya ba wa ƙiba shi ne ajiya. Mai babban jiki yawanci yana ɗauke da tsoka mai yawa tare da kitsen, kuma ciwo mai tsanani cin tsoka yake yi. Wanda ya shigo da guzuri ya fi jure makonni biyu ko uku a gado.

Tambayarki ta biyu: KDIGO bai fayyace nauyin da za a yi amfani da shi ba, amma ƙoda ba ta girma daidai da yadda teɓa ke girma. Ga mai ƙiba sosai, a lissafa da nauyin da ya dace da tsawonsa. Namiji: 50 a haɗa da 0.91 sau abin da tsawonsa ya ɗara santimita 152.4. Mace kuma a fara da 45.5. Mutuminki mai santimita 170 zai ba da kilo 66, iyakarsa ke nan wajen mililita 33 a awa. Idan aka nace sai ya yi 70, za a yi ta ɗura masa ruwa ana bin lambar da jikinsa bai buƙata, ruwan ya ƙare a huhu.

Sista Hadiza

Dakta, Allah ya ƙara basira. Zan ɗora a kan maganarku ta ƙarshe, domin a gefen gado nauyin da ya fi ba mu tsoro shi ne na ruwa.

Zainab ƙanwata, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Babu wanda ke yin kitse kilo biyu a dare ɗaya, saboda haka duk ƙarin da sikeli ya nuna tsakanin jiya da yau ruwa ne. Lissafinsa: a tara duk abin da ya shiga tun ranar kwanciya, a cire duk abin da ya fita, a raba da nauyin ranar farko, a ninka da 100. Mai kilo 64 da ya tara lita 7 ya kai kusan kashi 11 cikin 100. Binciken da aka wallafa a 2009 daga wasu asibitocin Amurka ya nuna waɗanda suka haura kashi 10 sun fi mutuwa, ko an yi musu wanki ko ba a yi ba. Ruwan yana cika huhu, yana kumbura hanji, yana hana rauni warkewa, ita kanta ƙodar tana cikin wata fata da ba ta buɗewa, idan ta kumbura sai tacewar ta ƙara raguwa.

Ki lura da yadda wannan ke ɓata BMI. Shi wannan mai kilo 64, in tsawonsa santimita 165 ne, BMI ɗinsa 23.5. Bayan lita 7 ya koma kilo 71, BMI 26, an jefa shi rukunin masu nauyi fiye da ƙima alhali ko cokali ɗaya na kitse bai ƙara ba. Shi ya sa nauyin ranar farko, kafin a sa ƙarin ruwa, yake da daraja. In ba a samu ba, a tambayi 'yan'uwa nauyinsa na baya-bayan nan ko a duba tsohon kati. Ƙiyasin ido yana yawan kuskure, musamman ga mai ƙiba sosai da wanda ya rame sosai.

Ruwan yana kuma tsinka kiriyatinin, ya nuna ƙasa da gaskiya. Ana gyarawa haka: ruwan jiki kashi 60 cikin 100 ne na nauyin farko, wato lita 38.4 ga mai kilo 64. A raba 7 da 38.4, a ƙara 1, a ninka da sakamakon gwaji. Wanda takarda ta ce 1.2, nasa na gaskiya ya kai 1.4.

Awon kullum yana da ƙa'ida, in ba a bi ba lambar ba ta da amfani. Sikeli ɗaya, lokaci ɗaya da safe, bayan an zubar da jakar fitsari, da kaya iri ɗaya. In gado mai sikeli ne, a mayar da shi sifili da zanen gado da matashi a kai kafin a ɗora mutum, kuma a lokacin awo a ɗaga robobi da jakunkuna kada su rataya a jikin gadon. Takardar shiga da fitar ruwa ita kaɗai ba ta isa ba: ana mantawa da ruwan da ake narka allurai a ciki, wanda kan kai ɗaruruwan mililita a yini, kuma ba ta ganin gumi da numfashi, da ke cin wajen rabin lita zuwa sama kowace rana, fiye da haka in akwai zazzaɓi. Idan takarda da sikeli suka saɓa, a nemi dalili kafin a ƙara ruwa.

Abu biyu game da mai ƙiba da ake yawan tsallakewa. Idan aka ɗaura masa ƙaramin maɗaurin awon jini a babban dantse, lambar tana fitowa sama da gaskiya, sai a ɗauka jininsa lafiya alhali ƙodar tana cikin ƙishi. Jakar iskar da ke cikin maɗaurin ta zagaye kashi 80 cikin 100 na dantsen. Na biyu, kumburi yana ɓuya a jikinsa. A duba ƙasan baya da bayan cinya, inda ruwa ke taruwa ga wanda ke kwance. In ciki ya yi tauri fitsari kuma ya ragu, a auna matsin ciki ta robar fitsari: a zuba ruwan gishiri da bai wuce mililita 25 ba, yana kwance rigingine, a karanta a ƙarshen fitar numfashi. Daga 12 mmHg zuwa sama matsin ya wuce ƙima, sama da 20 tare da gaɓar da ta fara gazawa kuwa a kira likitan tiyata.

Kuma kafin a ce ƙoda ta daina fitsari, a tabbata robar ba ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya ba.

Malam Nura, fannin magunguna

Sista ta gama da ruwa, bari in taɓa magani, domin a nan ne kilo ɗin da aka rubuta a kan kati yake zama guba ko waraka.

Nauyi uku muke aiki da su: na sikeli, wanda ya dace da tsawo kamar yadda Dakta ya lissafa, da na tsaka-tsaki. Na tsaka-tsakin shi ne wanda ya dace da tsawo a ƙara masa kashi 40 cikin 100 na rarar. Ga mai kilo 140: rararsa 74, kashi 40 ɗinta wajen 30, jimla kilo 96.

Jentamaisin da danginsa, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan jiki suke yawo, kaɗan ne ke shiga kitse. A miligiram 5 kowane kilo, lissafi da sikeli zai ba shi 700, da na tsaka-tsaki 480. Wannan bambancin ya isa ya ƙona ƙoda ya kuma taɓa ji. Idan ƙodar ta riga ta taɓu, a nemi wani maganin in akwai. Bankomaisin, shi ma maganin ƙwayoyin cuta, daban yake: allurar farko da nauyin sikeli ake yi, miligiram 20 zuwa 25 a kilo ga mai ƙiba, kada ta wuce 3,000, na gaba kuma sai an auna yawansa a jini.

Kuskuren da ke kashe mutane ta ɗaya gefen shi ne tsoro. An ga kiriyatinin ya hau, sai a rage allurar farko ta maganin ƙwayoyin cuta ga wanda cuta ta shiga jininsa. Allurar farko ba ruwanta da ƙoda, girman jiki da yawan ruwan da ke cikinsa ne ke yanke ta, kuma wanda ya kumbura ma ya fi buƙata. Na bayanta ake ragewa ko a tsawaita tazara. Haka kuma duk dabarun ƙiyasta aikin ƙoda daga kiriyatinin an gina su ne a kan lambar da ta tsaya wuri ɗaya. Wanda nasa ke hawa kullum kuma ba ya fitsari, a ɗauka tacewarsa ta kusa sifili ko da lissafi ya ce ƙodar tana tace mililita 40 a minti.

Ramammu kuwa matsalarsu ita ce ana ba su adadin babban mutum ba tare da an duba kilo ba. Mai ƙasa da kilo 50 a lissafa masa farasitamol na jijiya a miligiram 15 kowane kilo. Mofin (mai kashe zafin ciwo) da enozafarin (mai hana jini daskarewa) suna taruwa idan ƙoda ta gaza. Su ibufurofen da dikulofenak a tsayar da su gaba ɗaya, metfomin na ciwon suga ma a dakatar.

Zainab, ɗalibar jinya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in haka ne, mai ƙiba da ke kwance da wannan ciwo, a rage masa abinci tun da yana da ajiya? Ramammen kuma a ƙara masa da yawa? Kuma na ji ana cewa a hana mai ciwon ƙoda furotin.

Hajiya Maryam, masaniyar abincin marasa lafiya

A'a 'yata, dukkan ukun akwai gyara.

Jikin da ke fama da ciwo mai tsanani tsokarsa yake fara ci, ko da kitse ya yi masa yawa. Wani bincike a Ingila da aka wallafa a 2013 ya auna tsokar cinyar masu jinya a sashen kulawa ta musamman, ya samu ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana 10. Mai ƙiba da aka bari da yunwa zai tashi da kitsensa, tsokar numfashi da ta tafiya kuwa sun zube, ya kasa rabuwa da na'urar numfashi. Akwai ma wanda tun shigowarsa haka yake, jiki babba tsoka kaɗan, musamman tsofaffi masu suga. BMI ba ya ganin wannan, kuma a ganina su ne suka fi shiga haɗari domin ba wanda ke kallonsu a matsayin masu tamowa.

KDIGO ya ba da kalori 20 zuwa 30 a kowane kilo a yini. Ga mai BMI 30 zuwa 50, masana ciyar da marasa lafiya na Amurka sun ba da 11 zuwa 14 a kilo na sikeli, wato ana rage kalori da gangan amma ba a rage furotin. A tuna da abin da ke shiga ta bayan fage: furofofol da ake kwantar da mutum da shi yana da kalori 1.1 a kowane mililita, ga sugan da ke cikin ƙarin ruwa.

Hana furotin ƙa'idar wasu masu ciwon ƙoda na dindindin ce, kuma KDIGO ya ce kada a yi haka a raunin farat ɗaya don gudun wanki. Wanda ba a yi wa wanki kuma jikinsa bai shiga cin kansa ba, giram 0.8 zuwa 1.0 a kilo a yini. Wanda ake yi wa wanki, 1.0 zuwa 1.5. Wanda ke kan injin wankin da ke aiki dare da rana, har 1.7, domin injin kansa yana kwashe giram 10 zuwa 15 na tubalan furotin kowace rana. Wuce gona da iri ma yana da illa: babban gwajin da aka wallafa a 2023, wanda ya kwatanta giram 2.2 a kilo ko fiye da kuma giram 1.2 ko ƙasa da haka, bai ga amfanin mai yawan ba, kuma masu raunin ƙoda a cikinsu sun fi shan wahala da shi.

Ramammen da ya daɗe bai ci ba shi ne ake bi a hankali. Mai BMI ƙasa da 16, ko wanda ya zubar da fiye da kashi 15 cikin 100 na nauyinsa a wata 3 zuwa 6, ko ya haura kwana 10 bai ci abin kirki ba, idan aka cika masa ciki lokaci ɗaya, insulin yana tashi ya kwashe fosfet da fotasiyam da maganiziyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Zuciya tana iya rikicewa, numfashi ya gaza. A fara da kalori 10 a kilo, a ba da tayamin, wato bitamin B1, kafin abincin farko, a auna waɗannan sinadarai kullum, a ƙara a hankali cikin kwana 4 zuwa 7. Kada a ruɗu da cewa fosfet ɗinsa sama yake saboda ƙoda. Da an haɗa abinci da wanki yana iya faɗuwa cikin yini ɗaya.

In ba a iya ɗora mutum a sikeli, a auna kaurin tsakiyar dantse. Ƙasa da santimita 23.5 yana nuna BMI bai kai 20 ba, sama da 32 yana nuna ya haura 30. Kumburi ya fi sauka a ƙafa da ciki, shi ya sa dantse ya fi faɗin gaskiya.

Dakta Auwal

Hajiya, kun ambaci injin da ke aiki dare da rana, shi ma da kilo ake saita shi. Ruwan wankin da ake so ya isa ga marar lafiya mililita 20 zuwa 25 ne a kowane kilo a awa. Manyan gwaje-gwaje biyu, na Amurka a 2008 da na Ostireliya da Niyuzilan a 2009, sun gwada 35 da 40, ba su ga ƙarin tsira ba, sai ƙarin zubewar fosfet. Ga mai kilo 140, lissafi da sikeli a 25 zai ba da lita 3.5 a awa, ya wanke masa maganin ƙwayoyin cuta da abincin da ake ta ƙoƙarin ba shi. Da kilo 96 lita 2.4 ne. Akan rubuta ɗan sama da abin da ake so, domin injin yana tsayawa idan matatar ta toshe ko an fita da mutum ɗaukar hoto.

Sista Hadiza, gyaran kiriyatinin da kuka kawo yana da amfani wajen farkar da mutum, amma ga mai ƙiba sosai kashi 60 ɗin nan ya yi yawa, tun da kitse ba ya riƙe ruwa kamar tsoka. A lissafa masa da nauyin tsaka-tsaki, in ba haka ba gyaran zai fito ƙasa da yadda ya kamata.